Mutumin da Ya Cire wa Baba Takunkumi

Babana ne limamin masallacin unguwarmu a Ƙofar Kwaya tun kafin in yi wayo. Ba na Juma'a ba ne, ɗan masallacin salloli biyar ne mai ƙofar ƙarfe, da darbejiya a gabansa inda dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan La'asar. Limanci bai taɓa ciyar da mu ba. Abin da ya ciyar da mu turare ne, wanda Baba ke sayarwa a zauren gida cikin 'yan kwalabe, tare da carbi da asuwaki. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ka tambaye shi abu sai ya yi shiru har ka zaci bai ji ba, sannan ya ba ka amsa 'yar gajeruwa ya ci gaba da abin da yake yi.

Na'ibinsa kuwa a gidanmu ya tashi, ko da yake ba jininmu ba ne. Ɗan maƙwabta ne da mahaifinsa ya rasu da wuri, ya ɗan girme ni. A zaurenmu ya yi karatu, kuma kwano ɗaya Inna take zuba mana tuwo ni da shi. Yaya nake ce masa. Daga baya ya tafi ƙarin ilimi, ya dawo da Larabci a baki da murya mai daɗi, irin wadda in ya ja aya mata ke tsayawa da aiki su saurara. Da gwiwoyin Baba suka fara ba shi wahala, shi da kansa ya kama hannunsa ya tsayar da shi gaban jama'a ya ce ga na'ibinsa. Matasa suka ɗauke shi kamar su haɗiye. Wa'azinsa a waya yake yawo, daga cikin birni har ƙauyuka.

Da aka fara maganar korona a rediyo, abin dariya ne a wurinmu. Cutar masu shiga jirgi, in ji mutane. Talakan da bai taɓa wuce Kano ba me ya haɗa shi da ita? Sai aka rufe makarantu, ni da nake koyarwa a firamare na dawo gida na zauna. Sai kasuwa. Sai aka ce kowa ya kulle kansa, har masallatai. Manya suna fitowa a talabijin da takunkumi a fuska suna nuna mana yadda ake wanke hannu, kwana biyu kuma sai ga hotonsu a waya kafaɗa da kafaɗa wurin jana'izar wani babba. An ce an ware kayan tallafi, amma a rediyo muka fi jin su. A nan ba na ganin laifin kowa. Wanda ya saba yi maka ƙarya, ranar da ya zo da gaskiya ma sai ka leƙa bayanta.

Mai unguwa ne ya kawo wa Baba saƙon rufe masallaci. Baba ya aika aka kira ladan, wani dattijo mai raunin gani da suka yi shekaru suna tare, aka kira na'ibi. Ina zaune. Baba ya ce a sa kwaɗo.

Na ce, "Baba, mutane ba za su yarda ba. Ba wanda ya yarda da maganar gwamnati."

Ya ce, "Ba don gwamnati zan ruhe ba. Dubi sahun gaba. Wanga da ciwon suga, wancan da hawan jini. In ƙarya ce, mun yi salla a gida, Allah shina karɓa. In gaskiya ce, wa zai amsa tambaya a kansu?"

Na'ibi ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka ce haka za a yi, Malam."

Da Azahar ladan ya yi kira, ya ƙara da cewa kowa ya yi salla a gidansa. Muryarsa ta karye a wurin. Na ji kukan mata ta bayan katanga, har da Inna.

Ba a jima ba matata ta miƙo mani wayarta ta ce in saurara. Muryar Yaya ce. Bai ambaci suna ba. Cewa ya yi akwai wasu tsofaffin limamai da aka kai wa buhunan shinkafa da jarkokin mai, suka sayar da ɗakin Allah. Ya ce babu wata korona, ciniki ne kawai na manya, kuma wanda ya sa wa masallaci kwaɗo ya jira ranar da za a sa wa kabarinsa. A unguwarmu tsohon limami ɗaya ne. Da safe muka tarar an rubuta da gawayi a jikin katangarmu: limamin korona. Na ɗebo ruwa zan wanke, Baba ya ce in bari, damina za ta wanke.

Aka fasa kwaɗon. Na'ibi ya shiga gaba, masallaci ya cika har waje, ya fi cikar da yake yi da can. Wata rana motar sintiri ta biyo ta layin ana tsakiyar haramar salla, mutane suka watse wasu ba takalmi. Kafin yamma labari ya zaga cewa Baba ne ya kira su. Baba ko lambar mai unguwa sai na nemo masa a wayarsa. Dattawan da ke sayen turarensa shekara da shekaru suka riƙa wucewa ta ƙofar zaurenmu suna kallon ɗaya gefen.

Ranar da ba zan manta ba, bayan La'asar ce. Suka yi sallama, kafin a amsa sun cika zauren, manya da matasa, har ba wurin taka ƙafa. Baba yana zaune kan buzunsa da takunkumin da matata ta ɗinka masa da ragowar shadda. Kusa da shi wani Alhaji mai sayar da hatsi ya zauna, yana ta tari yana share gumi da hularsa. Suka ce jama'a ta yanke shawara, na'ibi ne zai riƙa jan salla, Malam ya huta. Baba ya fara magana a hankali yana cewa shi ba limancin ne damuwarsa ba, su dai tausaya wa tsofaffi.

Sai Yaya ya matso ya durƙusa gabansa, kamar mai ladabi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba mu jin abin da kake hwaɗi. Takunkumi ai na jaki ne da ɗan maraƙi." Ya sa hannu ya janye shi daga fuskar Baba har ƙarƙashin gemu.

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Na zabura, Baba ya riƙe ƙafar wandona bai ko dube ni ba. Ya laluba aljihu ya fiddo makullin akwatin lasifika ya miƙa masa, ya ce, "Allah ya taya riƙo." Suka zauna suna ta addu'o'i da shafa fatiha a cikin wannan zafi da cunkoso, numfashin kowa a fuskar kowa, sannan suka tafi.

Alhajin hatsi bai daɗe ba ya rasu. Aka ce zazzaɓi ne da taifot. Ba a jima ba Baba ya fara nasa zazzaɓin. Wata safiya na same shi a zaure ya buɗe kwalbar turare yana kai wa hanci, ya ajiye, ya buɗe wata. Ya ce, "Wa ya sa wa turaren nan ruwa?" Ni kuwa daga bakin ƙofa ƙamshin ya buge ni. Nan na tsorata, don na ji a rediyo cewa haka cutar take farawa.

Ba ni da hujjar cewa a wannan zaman ya kamu. Likita bai gaya mani haka ba, ba kuma wanda zai iya. Amma Baba bai taka ko ƙofar gida ba tun da aka sa dokar kulle, kuma na san abin da idona ya gani. Zuciyata ta riƙe wannan, har yau ba ta sake shi ba.

Da numfashi ya fara yi masa wuya muka kai shi asibiti. Aka gwada, aka ce ita ce, aka wuce da shi inda ake killace masu ita. Ganina da shi na ƙarshe daga bakin ƙofa ne, ana tura shi a keken marasa lafiya, ya ɗago hannu ɗaya bai juyo ba. Inna ba ta samu ko wannan ba.

Ma'aikatan lafiya ne suka kawo gawar, sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Mutumin da ya sallaci gawar kusan kowane gida a unguwar nan, ya raɗa wa 'ya'yansu suna, ya ɗaura musu aure, da aka ajiye shi sahu ɗaya bai cika ba. Ni ne, da kawuna, da mai unguwa, da ladan, da ma'aikatan nan, sai wasu tsiraru. Sauran suna tsallaken titi a tsaye. Su da suka ce babu cutar, kowa ya ja rawani ko bakin riga ya toshe hanci. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na haddace fuskokinsu. Yaya bai zo ba. Aikowa ya yi wai mura ta kama shi.

Zaman makoki zaure wayam. Masu ta'aziyya daga bakin titi suke ɗaga murya su wuce. Ɗan garuwa ya daina shigo mana da ruwa, sai ya sauke a waje ya ja baya. Duk wannan na iya haɗiyewa, tsoro ne, kuma tsoro halitta ne. Abin da ban haɗiye ba shi ne abin da ya fito daga lasifika bayan kwanaki, Inna tana zaune a tsakar gida cikin takaba tana ji. Yaya ya yi wa Baba addu'a, sannan ya ce mutane su yi hattara da asibiti, allura ce ke ƙarasa tsofaffi, su kuma ji tsoron alhakin ɗakin Allah, don ba ya barin mutum ya daɗe. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa.

A ranar na ce a raina, in Allah ya ba ni rana ɗaya a kan mutumin nan ba zan yi masa ragi ba. Ban yi masa baki ba, ban kai ƙararsa ko'ina ba. Jira kawai na shiga yi.

Aka buɗe gari, aka koma makaranta, aka tabbatar masa da limanci. Na daina salla a masallacin. Gara in taka har wajen Ƙofar Kaura in bi wani limamin da bai san ni ba. In mun haɗu a hanya ya ce, "Malam, ina gajiya?" sai in ce, "Lahiya," in wuce. Yaya kuwa ban sake kiransa ba.

Da allurar rigakafi ta zo, ya samu sabon abin wa'azi. Ya ce tana hana haihuwa, ya ce wanda aka yi wa ba zai daɗe ba. Asibitin unguwarmu ma'aikata suka riƙa zama suna korar ƙuda. Ni na je aka yi mani, na fito ina naɗe da hannun riga don kowa ya gani. Daga nan in na wuce majalisa sai wani ya ce, "A'a, Malam, har yanzu kana nan?" In ce, "Ina nan, sai na ga bayan wasu."

Sai aka buɗe hanyar aikin Hajji, wani attajiri daga masu sauraron wa'azinsa ya biya masa kujera. Unguwa ta ɗauki murna. Ni ma na yi murna, amma tawa daban ce, don na san a lokacin ba a barin kowa ya hau jirgi sai an yi masa allurar. Na riƙa bi ta gaban asibitin unguwa safe da yamma, ina tambayar masu gadi da wasa ko manyan baƙi sun zo. Shiru. Har na fara tunanin ko ya samu wata hanya ta bayan fage.

Allah da ikonsa, ba nemansa na fita ba ranar da na same shi. Inna ce ta ce ta shirya a yi mata allurar, amma tare da ƙanwarta da ke aure a Batagarawa, wadda tsoro ya hana ta zuwa ita kaɗai. Na ɗauko mana mai keke napep ɗan unguwarmu, magidanci, yana cikin waɗanda ba sa wasa da wa'azin liman, har a kekensa shi yake kunnawa. Muka ɗauki ƙanwar Inna muka wuce ƙaramin asibitin garin. Mai keke ya tsaya a inuwa yana jiranmu.

Mutane ba su da yawa a barandar. Na zaunar da su a bencin mata, na juyo, sai na ga wani mutum a ƙarshen bencin maza. Ba rawani, ba babbar riga, kaftani ne kawai irin na kowa, da hula ya danno ta har gira, da baƙin tabarau, da takunkumi ya ja shi har ƙasan ido. Ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon ƙasa. Mutumin da kuka shekara kuna cin tuwo kwano ɗaya, hannunsa ba ya ɓace maka. Na ji wani sanyi ya sauko mani tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Daɗi ne, ba zan ɓoye ba.

Ban yi gaggawa ba. Na koma bayan ginshiƙi na tsaya. Na bari aka kira shi, ya zauna kan kujera gaban ma'aikaciyar, ya naɗe hannun kaftani. Na yafito mai keke da hannu, na ce ya zo ya taya ni riƙe Inna. Sai da na ga allurar ta shige ta fito, an danna masa auduga, sannan na fito na ɗaga murya yadda na bayan katanga ma zai ji.

"A'a! Allah gafarta Malam! Liman da kansa! Ina kwana? An tashi lahiya? Ina gajiya? Ya jama'a? Ya masallaci? Ya haƙuri da mu?"

Ya daskare, hannunsa a kan audugar. Ya yi wata magana can ƙasa-ƙasa.

Na durƙusa gabansa kamar yadda ya durƙusa gaban Baba. Na ce, "Malam, ba mu jin abin da kake hwaɗi." Na sa hannu na janye takunkumin har ƙarƙashin gemunsa.

Mai keke ya ce, "Innalillahi." Ma'aikaciyar ta ce in ja baya in bar mata wurin aiki, na ja. Shi kuwa ya dube ni. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka ruha mani asiri."

Na ce, "Kai ka ruha wa Baba?"

Ya mayar da takunkumin ya fita da sauri, bai ko tsaya zaman da ake cewa a yi bayan allura ba. Ya wuce ta gaban Inna bai iya ɗaga ido ba.

A hanyar dawowa mai keke bai kunna komai ba. Sai da muka shigo gari Inna ta ce, "Ubanka ba haka ya koya maka ba."

Na ce, "Shi ya sa suka taka shi, Inna."

Ta kawar da kai. Amma ban ga ɓacin rai a fuskarta ba, kuma da rana ta ci abinci fiye da yadda ta saba.

Mai keke ya riga ni aikin. Kafin La'asar babu gidan da labari bai shiga ba. Ranar na je na zauna ƙarƙashin darbejiya, karo na farko tun rasuwar Baba. Duk wanda ya tambaye ni na ba shi labari tun daga hula har auduga, ban rage ba, ban kuma ƙara ba, don gaskiyar ta ishe ni. Wani tela da ya hana matarsa zuwa allura har suka yi rikici ta yi yaji, ya tashi tsaye yana huci yana cewa sai ya ji daga bakin liman. Wasu kuma suka ce ai larura ce, mai zuwa ɗakin Allah dole ya bi dokar masu ƙasa. Da Magariba liman ma abin da ya faɗa ke nan, ya kawo Larabci ya lulluɓe maganar, mutane suka gyaɗa kai.

Abin da ya biyo baya ban zata ba. Asibitin unguwarmu ya cika. Mutanen da rediyo da talabijin da masu shela suka kasa ɗagawa daga tabarma, suka yi layi har titi, wai tunda Malam ya yi bai mutu ba. Telan nan da kansa ya kai matarsa. Ma'aikatan asibitin har godiya suka yi mani da wasa. Ni kuwa abin ƙona ni ya yi. Ya yi musu ƙarya sun bi shi, an kama shi yana ɓuya sun sake bin sa. Baba ya gaya musu gaskiya a fili, suka rubuta masa suna da gawayi. Na ga cewa ban gama ba.

Ana gab da tashinsu Hajji liman ya fara zagayen bankwana, kamar yadda maniyyata ke yi, gida gida ana neman gafara. Na san zai zo, don in ya tsallake gidanmu kowa zai gani. Ya zo da hantsi, ya jawo mai unguwa da ladan su yi masa rakiya. Suka zauna a zauren, inda kwalaben Baba suke har lokacin. Inna ta tsaya daga bayan ƙofa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce zai tafi inda ba a san dawowa ba, in akwai abin da ya yi wa gidan nan, da sani ko da kuskure, a yafe masa.

Inna ta ce, "Ni nawa na yahe, don kar tuwon da na ba ka ya tashi a banza. Na mamaci kuwa ba ni da iko da shi."

Suka juyo gare ni. Na ce, "Da lasifika ka ɓata shi, da lasifika za ka wanke shi. Ka hwaɗa wa jama'a babu shinkafar da aka kawo gidan nan, babu mai, kuma ba shi ya kira 'yan sintiri ba. Ka kira sunansa. In ka yi haka sai mu yi maganar gafara."

Mai unguwa ya ce, "Haba Malam, a bar kaza cikin gashinta mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai tuni aka hige ta, kana tsaye."

Liman ya dubi tabarma ya ce zai yi bayan Magariba.

Na yi sallata a gida, na zo na tsaya a bakin ƙofar masallacin. Ya cika, don an ji. Ya ɗauki abin magana ya fara. Ya yabi Baba, ya ce malaminsa ne, ubansa ne, mutumin kirki ne. Ya ce lokacin annoba lokacin fitina ne, an yi maganganu iri-iri, Shaiɗan ya shiga tsakani, kowa ya yafe wa kowa. Ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

Daga inda nake na ce, "Shinkafar fa?"

Kowa ya juyo. Na ce, "Buhunan da ka ce an kawo, da idonka ka gan su?"

Wani daga sahun gaba ya ce in ji tsoron Allah, nan masallaci ne. Na ce na sani, a nan aka fara. Liman ya kawar da bakinsa daga abin maganar ya ce wani abu da na kusa da shi kaɗai suka ji. Na ce, "A lasifika. Inna tana gida tana saurare."

Sai ladan, tsohon nan da ko fuskar mutum ba ya gani sosai, ya miƙe ya laluba ya kamo abin maganar ya kai shi daidai bakin liman, ya riƙe. Bai sauke ba.

Sannan muryar nan mai daɗi ta fito ta saman rufin kwano, ta shiga kowane gida a unguwar. Ya kira sunan Baba. Ya ce, "Ban ga komi ba. Ba wanda ya gaya mani. Ni na hwaɗa. Kuma ba shi ya kira kowa ba."

Ban jira fatiha ba, na juya na tafi gida. Na tarar da Inna zaune kan tabarma a tsakar gida, matata a gefenta, dukansu suna hawaye. Inna ta ce in zauna in ci abinci. Na ci, na ƙara.

Washegari unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce na tozarta baƙon Allah, ba zan ga da kyau ba. Wasu dattawa kuma, daga cikin waɗanda suka tsaya a tsallaken titi, suka fara sallama a zaurenmu wai sun zo sayen turare, su zauna suna jan magana, daga ƙarshe su ce Allah ya jiƙan Malam, an zalunce shi. Nakan sayar musu, in amsa da amin, amma ban taɓa cewa ba komai ba, don da komai.

Liman ya je Hajji ya dawo, ya aiko mana da dabino da zamzam. Inna ta sha zamzam ɗin ta shafa a gwiwa. Ni ban taɓa ba. Har yau shi ne liman, masallaci yana cika, wa'azinsa yana yawo a waya. Mutane sun manta, ko sun ga mantawar ta fi sauƙi. Ya aiko mutane sau da dama su tambaye ni ko yanzu na yafe, tunda ya cika sharaɗi. Nakan ce musu cewa na yi sai mu yi maganar gafara, ban ce na yi ta ba, kuma sai da aka riƙe masa abin magana a baki.

Bara ladan ya rasu. Ba shi da ɗa namiji a gari, don haka da aka kai shi makwanci na tuɓe takalmi na shiga ramin, muka karɓe shi ni da wani jikansa. Muka kwantar da shi, muka jera itace, aka miƙo ciyawa da ƙasa. Da na ɗago zan fito, sai na ga hannu a miƙe a gabana. Na bi hannun da kallo har fuskar mai shi. Liman ne, ya sunkuyo, gemunsa ya fara furfura, jama'a duk suna kallonmu.

Na dafa bakin kabarin da hannuwana biyu na hau da kaina. Na karkaɗe rigata na koma cikin mutane.